Ni Aka Ƙwace wa Inji, Kawu Ne Mai Ƙara

Assalamu alaikum Malama,

Don girman Allah ki ara mini hankalinki, nawa ya ƙare. Saura mako shida in yanke shawara, kuma duk wanda na tambaya sai in tarar yana da nasa a cikin maganar.

Ina da shagon fotokwafi da buga takardu a bakin titi, tsakanin wani kemis da mai gyaran waya. Shekarata tara a wurin. Abin da ke riƙe da shagon babban inji ne guda ɗaya, 'yan layinmu suna ce masa Dattijo, don sai ya yi tari sau biyu kafin ya fara aiki, amma in ya fara sai dai ni in gaji. Da shi na ci, da shi na sa yara uku a makaranta.

Wata goma da rabi da suka wuce, mutanen layin bayanmu suka kawo mini takarda in buga musu kwafi ɗari uku. Babu zagi a ciki. Hoton kwatarsu ce da ta toshe har ruwa yana shiga ɗakuna, a ƙasa an rubuta ranar da hukumar gari ta yi alkawarin gyarawa, sai tambaya ɗaya: yaushe? Na buga. Ashe hukumar ta kafa wata doka, wai duk takardar da ta shafi al'amuran jama'a sai an nemi izini kafin a buga ta. Ni ban taɓa jin dokar ba, kuma har yau ban ga takardar da ba ta shafi jama'a ba.

Bayan kwana uku sai ga mota da jami'ai biyar. Ba takardar kotu, ba rasit, ba sallama. Suka zare waya suka fara jan Dattijo a ƙasa kamar buhu. To Malama, ga inda na ɓata rawata da tsalle, kuma gara ki ji daga bakina. Babbansu yana sanye da farin yadi, an yi masa guga har yana ɗaukar ido. Na ce su ɗaga injin kada gilashinsa ya fashe, ya ce in rufe baki ko a haɗa da ni. Ban san lokacin da na ɗauki robar da nake tara ragowar garin tawada ba. Na juye masa ita tun daga hula har takalmi. Mai gyaran waya ya ɗauki bidiyo, Allah Ya saka mini, kuma abin da na faɗa game da kakannin mutumin ba zai bugu a jaridarku ba. Ba su kama ni ba. Ina ganin kunya ce ta hana shi tsayawa gaban alƙali a sake nuna shi kamar mai sayar da gawayi. Amma sun tafi da injin.

Aka ba ni shawara in je wata ƙungiyar kare haƙƙin jama'a, an ce lauyoyinsu ba sa karɓar komai. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya ce zai raka ni. Shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu. Shekara talatin da biyar ya yi a gidan waya bai taɓa makara ba, bai taɓa faɗa da kowa ba. Mutum ne da in ƙuda ya faɗa masa a shayi sai ya ba shi haƙuri kafin ya cire shi.

Ofishinsu a saman bene yake, da sanyi kamar cikin firji, bangon duk hotunan mutane ɗauke da kwalaye. Wata lauya matashiya mai tabarau ta saurare ni, tana magana a hankali kamar ma'aikaciyar jinyar da ke shirin yi wa mutum allura. Ta ce shekara biyu suna neman wanda wannan doka ta ciza, don su kai ta babbar kotu a soke ta gaba ɗaya, saboda ta saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki da ke cikin kundin tsarin mulki. Har ta riƙe mini hannu. Sai na ce bari in yi gaskiya, na nuna mata bidiyon. Ta kalla sau biyu. Ta cire tabarau ta goge. Sannan ta juya wajen Kawu, wanda tun da muka shigo yake ta gyara mata takardun da ke kan teburi, ta ce, "Baba, kai yanzu me kake yi?"

Kin ji yadda ɗan rakiya ya zama mai tafiya. Ta yi mini bayani cewa ƙarata zinariya ce, amma ni ce matsalarta. Suna bukatar mutum mai tsabta, wanda lauyan hukuma zai tona bai sami komai ba. Shirin shi ne Kawu ya rubuta takarda, ya nemi izini, a hana shi a rubuce, sai su kai takardar hanin kotu.

Malama, an ƙi hana shi. Ma'aikacin da ke ba da izinin ya san Kawu tun yana yaro yana zuwa gidan waya karɓar wasiƙun babansa, ya tashi ya ba shi kujera, ya buga masa hatimi kafin ya gama gaisuwa. Suka rubuta ta biyu mai zafi, aka sake ba shi, har da tambayar lafiyar ƙafarsa. Ta uku lauyar ce ta rubuta da kanta, wuta sosai, amma a hanya Kawu ya ga ba ladabi a ciki, ya tsaya ya ƙara gaisuwa a sama da addu'a ga shugaban hukuma a ƙasa, ya kuma soke layin tsakiya. Aka ba shi. Wata huɗu aka yi ana neman a zalunci Kawu abin ya gagara. A karo na huɗu sai da lauyar ta raka shi har bakin taga, takardar tana hannunta, ta miƙa da kanta. Aka hana. Kawu ya dawo ransa a ɓace yana cewa shi ba a taɓa mayar masa da takarda ba. Su kuwa a ofis har da lemo da tafi, ana rungumar juna ana cewa an hana mu, an hana mu. Ina zaune a gefe ina kallo, ni da aka hana tun farko ba tare da na sha wahalar nema ba. Kuma duk takardun nan huɗu ni na buga su a kwamfutata.

Yanzu Kawu ya zama wani abu. Yana yawo da jakar takardu, ko cefane zai je. In ka ce masa sannu sai ya gaya maka lambar sashen tsarin mulki da ya ba ka damar faɗa. An yi babban ƙyalle da hotonsa an rataya a wani taro, kuma a shagon da ke tsallaken titi aka buga shi, wurin da ni ma yanzu nake kai takardun 'yan kwastomomin da suka rage mini, in tsaya a layi kamar baƙuwa. Dattijo yana cikin sito a bayan ofishin hukuma. Na leƙa ta taga makon jiya, an jibga masa karyayyun kujeru a kai, rufin wurin kuma yana yoyo.

Ga abin da ya sa na rubuto. Wani akawun kotu da ke zuwa shagona ya ce in ina son kai hukuma ƙara kan injina, shekara ɗaya ce wa'adin, in ta cika shi ke nan, ko kuka ba za a saurara ba. Na koma wurin lauyar. Ta ce don Allah kada in shigar. Wai tawa ƙaramar kotu za ta je, za a yi saurin yanke ta, za a nuna bidiyo, mai yiwuwa in faɗi, sannan lauyoyin hukuma su ɗauki wannan hukuncin su riƙa kaɗa shi a shari'ar Kawu. Ta ce in yi haƙuri saboda al'umma. Na ce to, an ɗage zaman Kawu sai nan da wata huɗu, in ya ci bayan wa'adina ya wuce, za a ba ni injina? Ta yi murmushi ta ce za su duba.

Mahaifiyata ta ce in na ɓata wa ƙaninta shari'a, bayan duk abin da ya yi mini, in nemi wata uwar. Maigidana ya ce in shigar gobe, amma shi dama tun da aka rataya hoton Kawu yake jin haushi. Ni kuma wallahi ina son a soke dokar nan fiye da kowa. Shin son kai ne in ce ina son abina? Ki gaya mini gaskiya ko da ɗaci.

Mai shagon fotokwafi

*

Wa alaikumus salam 'yar'uwa,

Ban nemi bidiyon ba, kodayake na sha fama da zuciyata. Ina kuma miƙa ta'aziyyata ga farin yadin, wanda shi kaɗai ne a labarin nan ba shi da laifin komai.

Bari in fara da wanke lauyar, tunda daga baya zan ɗan shafa mata nata. Abin da ta gaya miki game da aikinsu gaskiya ne. Lauyan da mutum ya ɗauka da kansa ƙaya yake cire masa daga ƙafa. Irin waɗannan ƙungiyoyi kuwa itacen ƙayar suke so su sare. Ba su da lauyoyi ko lokacin da za su bi kowane shago da aka ƙwace wa inji, don haka sai su zaɓi ƙara ɗaya, su mai da ita zakaran gwajin dafi, su kai ta kotun da maganarta ke ɗaure na ƙasa da ita. In aka ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki, an 'yantar da ke da na tsallaken titi da waɗanda ba su ma buɗe shago ba tukuna. Haɗarin shi ne hukunci kamar siminti yake. In aka zuba shi a karkace ya bushe, shekaru za a yi ana tuntuɓe a kai. Shi ya sa suke tsoron ƙara mai tabo, suke zaɓen mai ƙara kamar masu zaɓen suruki. Na yi shekaru ina ɗauko labarai daga kotu, na ga alƙalai da dama, kuma ban taɓa ganin wanda ya bar idonsa a gida ba. Alƙalin da ya ga jami'i yana tofar da tawada zai yi wuya ya tuna da sashen da ake karanta masa.

Wannan dabara ce, kuma tana aiki. Amma dabarar tana da wata cuta da masu yin ta ba sa son a ambata. A hankali sai su fara son wanda aka zalunta ya zo musu a goge, da hula a daidai, bai ɗaga murya ba ko lokacin da ake jan abincinsa a ƙasa. Irin wannan mutum kuwa ba kasafai ake zaluntarsa ba, kamar yadda Kawu ya ɓata wata huɗu yana tabbatar musu. Haƙƙi ba kyautar ɗalibin da ya fi ladabi ba ne. Kundin nan bai ce kowane mutum in ban da mai saurin fushi ba. An rubuta shi ne musamman saboda masu kaifin baki da marasa farin jini, don masu daɗin hali dama kujera ake ba su. Sannan ki lura da kalmar al'umma. Tana da daɗin hidima, domin al'umma ba ta kiran waya, ba ta hawa bene ta tambayi ina injinta. Ke kina yi.

Yanzu ga tambayar da ba ki yi ba, wadda ita ce babba. Wace ce lauyarki? Kin taɓa sa hannu a wata takarda da ta ce wannan mai tabarau tana wakiltarki? Daga wasiƙarki, a'a. Lauyar Kawu ce, kuma tana yi masa aiki da kyau. Da ta ce ki jira, shawarar da ta fi amfanar ƙararta ta ba ki, ta naɗe ta da murmushi. Abin da ya kamata ta ƙara shi ne, amfanina da naki sun rabu a nan, je ki nemi wani lauya ya duba miki. Ba ta faɗa ba, kuma wannan ne laifinta a wurina, ba zaɓen Kawu ba. Wannan "za mu duba" da ta ce miki kuwa, ke da kike buga takardun ofisoshi shekara tara kin fi ni sanin inda ake ajiye shi.

Don haka ki nemi lauya naki a cikin makon nan, wanda ba ruwansa da ƙungiyar, ba ruwansa da gidanku. Ni ba lauya ba ce, kuma akawun kotu ma ba lauya ba ne. Ina tsoron lissafinsa. A wurare da yawa, kafin a kai hukuma ƙara sai an aika mata takardar sanarwa an jira wasu makonni, wani lokaci ma wa'adin ya fi yadda ake zato gajarta. Mako shidan da kike taƙama da shi yana iya zama biyu. Ki tafi da kwanan watan da aka ɗauki injin, da takardar sayensa, da sunayen waɗanda suka gani, da kwafin dokar kanta. Bidiyon kuma ki fara nuna shi kafin ki zauna. Yana nuna tawada, amma yana nuna mutum biyar suna jan kayan mutane ba takarda a hannunsu, kuma wannan rabin babu wanda ya tsaya ya kalla.

Akwai tambayoyi biyu da aka cakuɗa miki, aka sa kika ɗauka ɗaya ce. Ko dokar ta halatta ko a'a, wannan shari'ar Kawu ce, ki bar musu. Ko da dokar ta halatta, ta ba su ikon ɗaukar inji ba umarnin kotu, su ajiye shi ƙarƙashin yoyo har abin da hali ya yi? Wannan taki ce, kuma ba mamaki in an karanta dokar a ga tara kawai ta ambata. Ki tambayi lauyan ko zai iya shigar da ƙara kan dawo da kaya kaɗai, ba tare da ya taɓa maganar tsarin mulki ba. Ki tambaye shi kuma ko za a iya shigarwa a cikin wa'adi, sannan a roƙi kotu ta jingine ta har a yanke ta Kawu. In ɗayan biyun ya yiwu, kin tsare haƙƙinki ba ki taka musu shuka ba. In ya duba ya ce babu hanya sai an yi karo, to a lokacin ne kike da zaɓi mai wuya, kuma ko a lokacin naki ne. Sadaukarwa abu ne da mutum ke yi da kansa, da idonsa a buɗe. Wadda aka yi da kayan wani, wani suna gare ta.

Kada ki ɗauka za ki fita fes. In kika taɓa su, suna iya tuna cewa an ci zarafin jami'i a bakin aiki, kuma ba ƙarya suka yi ba. Abin da kika yi laifi ne, ko da ya sanyaya zukatan layinku. Ki tambayi lauyan me zai iya biyo baya, ki auna da kanki, kuma kada ki rubuta wa kowa takardar ban haƙuri sai ya gani.

Kawu kuma ki sassauta masa. Na yi dariyar jakar takardun, amma dattijon da fanshonsa ke fitowa daga hannun gwamnati, ya yarda aka rubuta sunansa a saman takardar ƙarar hukuma, a garin da kowa ya san ƙofar gidansa, ba ƙaramin abu ya yi ba. Saboda ke ya hau benen nan. Ina kuma zargin babu wanda ya zauna ya gaya masa cewa nasararsa tana iya zuwa bayan ke kin rasa komai. Ki je ki same shi ke kaɗai, ba ta bakin mahaifiyarki ba, ba kuma da maigida a bayanki yana hura hanci ba. Ki gaya masa ranar da wa'adin zai cika. In ya fahimta, shi zai shawo kan yayarsa, ba ke ba.

Bayan kin ga lauyanki, ki koma ofishin mai sanyi da ladabinki, hannu ba komai. Ki ce ga abin da za ki yi, ga ranar, kuma kina so lauyoyin biyu su yi magana don kada a yi karo. In suna da wata hanyar da za ta tsare miki injin, su rubuta su sa hannu kafin ranar. Ƙungiyar kirki za ta yi murna, har ta nemi takardar rantsuwarki ta nuna wa babbar kotu abin da dokar ke yi wa masu neman abinci. In kuwa suka ɓata rai don wata mace ta je kotu neman haƙƙinta, sai ki bar su su zauna su tuna sunan ƙungiyarsu.

Ba son kai ba ne, 'yar'uwa. Ki tashi da wuri ranar Litinin. Allah Ya mayar miki da abin sana'arki yana aiki, Ya ba Kawu nasara, Ya sa ku fito daga wannan lamari kuna gaisawa.